Ranar da Batirin Barau Ya Suma

Jiya bayan azahar, a gefen hanyar Damagaram, Barau ya kishingiɗa cikin motarsa ya yi wani mafarki. Tsohon direban tirela ne. Da ya ajiye aiki sai ya sayi bas, ya cire kujeru, ya sa gado da fanka da ɗan firji, suke zagaya 'ya'yansu shi da matarsa Kande. Allurar ciwon sugan Kande a firjin take zama, kuma batir ɗaya ne ke riƙe da komai.

A mafarkin ya leƙa ƙarƙashin gado, ya tarar da batirin zaune sanye da hula, yana haki.

"Barau, ka kwashe ni tas," in ji batirin. "Fanka, rediyo, har da dutsen guga. Sau nawa zan ce maka in na kai rabi ka ƙyale ni in huta?"

Yana rufe baki ya suma. Firji ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Kande ta taɓa kwalbar allurarta, ta ce, "Malam, ta fara ɗumi fa."

Barau ya karɓi zaninta ya goya batirin, ya fita da gudu.

Garin da ya shiga, itatuwa a kwance suke, inuwarsu ce a tsaye. Mutane na tafiya da baya don su riga kowa isa. Zafi ya yi zafi har kwalta ta tashi ta koma gindin katanga. Batirin ya fara kumbura a bayansa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wata tsohuwa ta ɗebo inuwa cikin bokiti ta watsa musu, ta wuce ba ta jira godiya ba.

Sai ga shi a asibiti. Ma'aikatan duk zabi ne. Babbar likita, wata zabuwa mai tabarau, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya kawo wani?"

"Ni na kawo shi, likita."

"To kai ne marar lafiyan. Kwanta."

Barau ya kwanta. Aka ɗora batirin a kujera, aka tambaye shi abin da ke damun Barau. Da yake batirin a sume yake, bai ce komai ba, likita kuwa ta cika shafi biyu da rubutu, sannan ta juyo kan Barau.

"Sau nawa ya suma a hannunka?"

"Uku."

"A na huɗu ba duka ke tashi ba. Wane ruwa kake ba shi?"

"Na rijiya."

Zabin ɗakin suka ɗauki salati. Aka kawo ruwan batir cikin butar shayi, aka ɗura wa batirin kaɗan kaɗan.

Ba ƙofa ba taga, sai Barau ya gan su a kan wani dutse, ƙanƙara na tsirowa daga ƙasa kamar gero. Haƙoransa suna kaɗawa. Batirin ya buɗe ido ɗaya.

"In na ƙoshi, sanyi ba ya cin mini," ya ce. "Da yunwa yake daskarar da ni. Nemo rana."

Rana na nan kusa, zaune a dakali tana ɓare gyaɗa. Barau ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa har da tambayar mutanen gida. Ya miƙa bokiti, ta girgiza kai ta ba shi cokali.

"Wanda ya daɗe da yunwa ba a ɗura masa," ta ce. "A hankali."

Ya zauna yana ba batirin rana, cokali bayan cokali, yana hura masa in ta yi zafi. Hannunsa ya gaji, bai daina ba, don yana tuna kwalbar nan. Can batirin ya yi gyatsa, ya yi atishawa, fitilun garin duka suka kama lokaci guda.

Sai ga bas ɗin ta zo da kanta tana kaɗa bindi. Firji na waƙa da muryar maroƙi. Kande ta leƙo ta taga riƙe da kwalbar, raɓa na tsattsafowa a jikinta.

"Malam, ta yi sanyi!"

Ta rangaɗa guɗa. Zabi suka shigo layi suna rawa, likita a gaba. Batirin ya cire hula ya taka shi ma. Barau, da bai yi rawa ba tun ranar bikinsa, ya naɗe riga ya faɗa fili, yana dariya har da hawaye.

Ƙarar kankare tukunya ce ta tashe shi. Kande na bakin ƙofa tana wanke-wanke. Ya sauko daga gado, ya durƙusa, ya leƙa ƙasa.

"Sannu da jiki," ya ce.

"Malam, da wa kake gaisawa?"

"Wani dattijo ne."

Ya kashe fanka, ya ɗauki mafici, ya je ya zauna kusa da ita yana yi mata fifita.