Bargo a Kan Kek ɗin Lemon Tsami

"Ki sa masa bargo," in ji Mai Kek daga kan gado.

Na tsaya da cokali a hannu. "Yaya, na lemon tsami ne fa."

"Na san abin da na ce."

Shekara tara katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun da ciwon zuciya ya kwantar da ita, ni ke gasa kek duk Asabar, mu tura wa Auta hotonsa, 'yarta da ke karatun jinya a wani gari mai tafiyar awa shida. Wai don ta ɗauka uwarta na nan garau har ta gama jarrabawa. Sai da ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Ni tela ce, daga ƙaryar har gashin kek babu wanda ya karɓe ni, kullum sai kek ɗin ya tsage.

Abin rufe kek iri uku ne a wurinta, kowanne da sunan da ta raɗa masa. Bargo shi ne mai kauri da laushi, na bota da sukari. Riga ba ta kai shi kauri ba, tana bushewa ta yi tauri har a yi rubutu a kanta. Gyale kuwa ruwa-ruwa ne, a kwarara shi ya yi sheƙi, ana hango kek ɗin ta ciki. Na lemon tsami gyale kaɗai take sa masa. Ta sha gaya wa Auta a gabana cewa duk wanda ya lulluɓe shi da bargo, akwai abin da yake ɓoyewa.

Na shafa bargon. Numfashin Mai Kek na ƙara kamar tsohon keken ɗinki.

Minti huɗu da tura hoton, wayata ta yi ƙara.

"Inna, me ya sami Mama?"

Na dubi gadon. Ta lumshe ido, ta gyaɗa kai.

"Ki taho yanzu, 'yata."

Ƙarfe goma na safe ke nan. Daga nan sai zaman jira.

"Ta kawo ina?"

"Sun wuce gada."

Da azahar ta sake tambaya. Taya ta fashe musu a hanya, amma na ce mata sun kusa.

"Har yanzu ba ki iya ƙarya ba," ta ce. Can kuma a hankali: "Da makon jiya na sa kika shafa."

Na ji haushinta, na fi jin haushin kaina da rantsuwata. Na riƙe hannunta har ƙarfe uku, lokacin da ƙarar numfashinta ta tsaya.

Biyar saura Auta ta iso, jaka a kafaɗa. Takalman da ta gani a bakin ƙofa sun ishe ta bayani. Da ta fito daga ɗakin uwarta ba ta zauna cikin mutane ba, sai ta wuce kicin, na bi ta.

Ta ɗauki wuƙa ta kankare bargon a hankali zuwa gefen faranti, har tsagar ta bayyana. Ta matse lemon tsami cikin garin sukari, ta dama, ta kwarara. Muka tsaya muna kallon gyalen yana gangarawa cikin tsagar.