Ginshiƙi Na Bakwai

Na'urori goma sha biyu Injiniya ta liƙa a jikin ginshiƙan wani bene mai hawa biyar, kowace ba ta fi kwalin ashana ba. Aikinsu auna motsin siminti. Duk minti ɗaya sai su aiko da lamba, kwamfutarta ta ja wa kowace layinta. Wata uku layukan suna kwance lafiya lau.

Ran Talata da hantsi, tana zaune a ofis, ta ga na bakwai ya ɗaga kai. Ta aika wa na'urar umarni ta mutu ta sake tashi. Da ta tashi, lambar da ta kawo ta fi ta ɗazu. 

Manajan ofishinsu ya leƙo. "Zafin rana ne ya taɓa ta. Canza ta kawai."

"Ranka ya daɗe, ta takwas ma ta fara, ita kuwa a inuwa take."

"Kar ki tayar wa mai gini da hankali."

Yayanta tela ne, shagonsa a ƙasan benen yake, jikin ginshiƙi na bakwai. Ta kira shi.

"Yaya, duba saman bangonka. Me ka gani?"

"Yanar gizo-gizo, Auta. Kwamfutar taki ta fara duba ne?"

"Don Allah duba da kyau."

Ta ji keken ɗinkin ya tsaya.

"Wani gari-gari na zubowa kan yadin mutane," ya ce, babu sauran wasa a muryarsa. "Ƙofar ma tun jiya take cijewa."

Ta sungumi kwamfutar ta tafi. Shago-shago ta bi tana nuna musu layin da ke hawa. Wasu suka fito, wasu suka ce zane ba ya ka da gini. Yaya dai a ranar ya kwashe kekunansa.

Benen bai faɗi ba. Mai gini ya kawo magina suka shafe tsagar da bangon ya yi, aka bi da fenti, sannan ya sa aka ɓalle na'urorin. Tana kallo layukan suka yanke ɗaya bayan ɗaya. Ta rubuta wa hukuma takarda, aka ce za a duba.

Bayan sati biyu ta bi ta wajen. An kama hayar shagon Yaya. Wata malama ce a ciki, tana jera ƙananan kujerun 'yan makaranta, ta sa dutse ta tokare ƙofar saboda ta ƙi rufuwa. Injiniya ta yi sallama, ta ce, "Malama, kafin yaran su zo, zan nuna miki wani abu."