Barcin Giyar Nadim

Tanios yana goge kofuna a karo na uku lokacin da motar Mu'allim Rizkallah ta tsaya a ƙofar gida. Mutumin nan shi ke da babban gidan cin kifi a bakin tekun Batrun, kuma ya yi alkawari: idan giyar da Nadim, ɗan Tanios, ya haɗa a gida ta yi masa, zai ba shi ɗaki da tukwane ya riƙa dafa wa baƙinsa. Idan ba ta yi ba, tikitin Kanada na cikin aljihun Nadim, jirgi ranar Talata.

Sati biyu ke nan da Nadim ya ɗura giyar a kwalabe arba'in, ya sa wa kowacce ɗan sukari, ya jera su a ƙarƙashin bene ya tafi Beirut neman takardu. Washegari Tanios ya taɓa wata kwalba ya ji ɗumi. Zafin Agusta, makomar ɗansa a kwance a ƙasa kamar tsofaffin takalma. A gidansu abu mai daraja firji yake shiga, daga magani har turaren matarsa. Ya aro firjin ƙanwarsa ya loda su. Wutar janareton unguwa ba ta ɗaukar firji biyu da fanka, don haka fanka ta huta.

"Mu muna dahuwa, kwalabe na shan iska," in ji matarsa Tirez. "Da na sani kwalba na zo duniya."

"Yi haƙuri, Umm Nadim. Gara gumi da Kanada."

Yanzu ga Nadim ya iso daga tasha tare da baƙon. Ya ga kwalabe a firji ya yi murmushi.

"Baba, ka kyauta. Shekaranjiya ka sa su, kamar yadda na ce a waya?"

"Wace shekaranjiya? Tun washegarin tafiyarka. Ko minti ɗaya wuta ba ta yanke musu ba."

Murmushin ya gushe. Nadim ya ɓalle marfi. Shiru, ko ɗan huci babu. Ya zuba a kofi, giyar ta kwanta kamar shayin jiya.

Mu'allim Rizkallah ya ɗaga kofin ya duba ta haske. "Ina kumfar, ɗana? Ko ita ma ta yi Kanada?"

"Sai ta yi sati biyu a ɗumi yis ya cinye sukarin, sannan iska ta shige ta," Nadim ya ce, idonsa a ƙasa. "Sanyi kwana biyun ƙarshe ne kawai."

"Na kashe ta ke nan?" Muryar Tanios ta yi ƙasa.

"Ba ta mutu ba. Barci ka sa ta."

Baƙon ya yi dariya har da tari. "Abu Nadim, kai ko jariri aka ba ka firji za ka kai shi. To, ni ba na yanke wa mai barci hukunci. Ta farka ku kira ni."

Da motar ta tafi, Nadim ya fita tsakar gida yana waya da kamfanin jirgi, yana neman a ɗaga masa tafiya da sati uku. Tanios ya ɗauki kofin da aka bari ya kurɓa. Ɗaci kamar maɗaci. Wai wannan ce za ta riƙe masa ɗa?

Ya fara fito da kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Da Nadim ya dawo, Tanios ya tambaye shi ba tare da ya juyo ba:

"Wannan barcin nata, in tana cikin sanyi, har tsawon yaushe take yi?"

"Ko wata nawa ne. Me ya sa?"

"Ba komai." Muddin giyar na barci, babu hukunci, babu jirgi.

Tirez ta leƙo daga kicin. "Sai a mayar wa ƙanwarka firjinta, mu kunna fanka."

Tanios ya goge cikin firjin da tsumma, a hankali, har kusurwoyi.

"Bar shi tukuna," ya ce. "Ba ta ce tana sauri ba."