Hayaƙin da Ba Ya Tashi

Tambaya ta ɗaga wayar sama, har yanzu babu sabis. Ta gyara goyon Husna ta ci gaba da hawa. Ƙauyensu yana kwance ne cikin kwari a gindin duwatsun Kwatarkwashi, sai mutum ya hau dutse yake samun yin waya. Ita kuwa dole yau ta kira mijinta Hamza a Gusau ya nemo mota, ƙirjin yarinyar nan ya ƙi.

Tun da aka gama girbi sanyi ya shigo Husna take wannan numfashi, fiii, fiii, kamar ana busa kara. Malamin asibiti ya ce a riƙa fitar da ita tana shan iska mai kyau. To wace iska ce ta fi ta bakin rafi da sassafe? Kwana goma sha biyu Tambaya ba ta yi fashi ba. Gari na wayewa take gangarawa da ita can ƙasan fadama, su zauna har hantsi. Abin sai gaba yake yi. Maƙwabta har sun fara cewa gamo yarinyar ta yi.

Da ta kai wani fili a saman dutsen ta juyo, sai ta nemi garinsu ta rasa.

Ba gida, ba rumbu, ba rafi. Wani abu ne toka-toka ya cika kwarin, a shimfiɗe, ko motsi ba ya yi. Kan hasumiyar masallaci kawai ya leƙo, sai kawunan giginya uku. Tana jin carar zakara da bugun taɓarya suna fitowa daga ƙarƙashinsa, amma ba ta ganin kowa.

A lokacin ne ta lura kukan ƙirjin nan ya ɗauke. Bayanta tsit.

"Husna," ta ce a hankali. Ta ɗan girgiza goyon. Shiru. Hannunta ya kai ga ƙullin zanen, ta kasa kwancewa. Wallahi ba ta taɓa jin tsoro irin wannan ba.

"Barci takai, ɗiyata."

Labbo ne, tsohon makiyayin da matarsa ke kawo musu nono, zaune bisa wani dutse, shanunsa na tsaye a bayansa. Tambaya ta sauke yarinyar. Ga ta nan, baki buɗe, cikinta na ɗagawa yana sauka lafiya lau.

"Baba, mene ne wancan ya rufe mana gari?"

"Hayaƙinku ne mana. Na karan da kuke ƙonewa a gona, da na murhu, da na masu gawayi. In sanyi ya kama, iska mai sanyi ke gangarowa daga dutse ta kwanta cikin kwari, ta danne shi kamar faifai bisa ƙwarya. Ba ya tashi sai rana ta gasa dutsen. Da damina ruwa ke wanke muku shi, shi ya sa ba ku sani ba. Ni ko shanuna ba na saukarwa kafin hantsi."

Tambaya ta ce, "A ina ya fi taruwa?"

Ya miƙa sandarsa ya nuna inda tokar ta fi duhu. "Bakin rafi. Nan ne ƙarshen gangare."

Kwana goma sha biyu, ita da ƙafarta take kai yarinyar can, tana lulluɓe ta da tawul don kada sanyi ya kama ta.

Wayar ta yi ƙara a hannunta, sabis ya shigo. Hamza ne.

"Yaya mai jiki? Kin dai kai ta rafin yau ma ko?"

Tambaya ta dubi kwarin. Zakaran nan yana ta cara a ƙarƙashin tokar.

"Ban kai ta ba," ta ce.

Ta shimfiɗa zanenta a gefen shanun, ta kwantar da Husna, ta zauna jiran rana.