Muryar Wahabu da Karimu Ya Share

Kalma ɗaya Karimu ya ƙara a ƙarshen umarninsa, ita ta cinye muryar Wahabu.

Karimu mai gyaran kwamfuta ne a bakin kasuwar Sokodé. Ya gaji da mutane: duk wanda ya leƙa baƙin allon kwamfuta ya ga rubutu na zubowa, sai ya ce an ɓata masa kaya. Don haka a jerin umarnin da yake kwafe ajiyar mutane da shi, ya sa "clear", wato share allo, a layin ƙarshe. Aiki na ƙarewa, allo ya koma fes, kowa ya yi shiru.

Sai ga yayarsa Fulera daga Dapaong, da kwamfutar mijinta marigayi Wahabu. A ciki akwai muryarsa yana yi wa 'yarsu Rahinatou waƙar wasa tun tana goye. So take a kwashe muryar a kile ɗinta, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, a wanke kwamfutar, a goge komai na cikinta, don da kyar take buɗewa.

"Kai Karimu, ka dai bi a hankali. Tun kana yaro hannunka ya fi kanka sauri."

"Yaya, zauna ki sha ruwa. Wannan fa shi ne abincina."

Ya soka kile, ya danna. Rubutu ya zubo. A ciki akwai layin da ya ce kile ya cika, ba abin da ya shiga, amma kafin ido ya kama shi allo ya share kansa.

"An gama?"

"Ba ki ga ya yi fes ba?"

Ya wanke kwamfutar tas, ya ɗora sabon tsari a kai.

Tana isa Dapaong ta kira. "Karimu, ba Wahabu a ciki. Tsofaffin hotunan biki ne kawai."

Ya rufe shago ya shiga mota. A tsakar gidanta ya cire kalmar, ya sake danna umarnin da kile ɗin nan. Layin ya fito ya tsaya, ba inda ya je. Ya tono cikin kwamfutar iya saninsa. Abin da ya samu guntu ne: tari ɗaya, sai "Rahi", sai shiru.

Fulera ba ta zage shi ba. Ta zuba masa tuwo, ta shige ɗaki.

Yanzu in ta sauko Sokodé, gidan ƙawarta take sauka. Rahinatou kuwa, in an tambaye ta yaya muryar babanta take, sai ta yi tari.