Daɓen Kawu Dogo

Baba ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullin. Na ce ba zan bayar ba.

Bai janye hannun ba. Ya sake faɗa a hankali, irin faɗar da yake yi idan ransa ya gama ɓaci: in buɗe ɗakina a fitar da kwalayen tayil, gobe kuma in ba Kawu Dogo haƙuri a gaban mutanen da na kunyata shi a gabansu, in ce daɓen da ya yi daidai yake, ni ce na yi kuskure.

"Ka yi haƙuri, Baba," na ce. "Ba za a shimfiɗa tayil a kan wannan daɓen ba."

"To, Injiniya. Ba zan fasa ƙofa a cikin gidana ba. Riƙe abinki."

Gyaran kicin ɗin ni na kawo maganarsa. Tun ina yarinya ruwan wanke-wanke yake kwanciya a ƙasansa, ya tsuma ya ratsa bango, bangon kuwa shi ne na ɗakin Umma. Fenti ya kumbura, ƙasan sif ɗinta ya ruɓe, zannuwanta kullum suna warin danshi. Da na gama karatu na samu aiki a ofishin da ke zana magudanan ruwa, abin da na fara saya shi ne tayil, farare masu ratsin toka, na jibge su a ɗakina. Baba ya amince a yi gyaran, da sharaɗi ɗaya: Kawu Dogo ne zai yi. Ba ƙaninsa ba ne na jini, amininsa ne tun suna samari, shi ya gina mana gidan da hannunsa. Ban yi musu ba.

Kwana huɗu ya yi yana fasa tsohon daɓe da tsohuwar kantar girki. Muka kwashe tukwane muka zuba a kwalaye a falo, firji ya koma lungun banɗaki, tukunyar gas ta koma baranda. Umma tana ta dariya tana cewa sati biyu ai kamar gobe ne.

Ranar da sabon daɓe ya bushe, na dawo daga aiki na tarar da mutane a ƙofar kicin: Baba, da kafinta da ya zo awon durowoyi, da maƙwabcinmu Mai Kanti. Suna ta yaba aiki. Ni kuwa ina taka ƙasan na ji ƙafata ba ta yarda ba. Na tambayi Kawu ina ma'auninsa, wannan mai ƙwayar ruwa a tsakiya. Ya yi dariya ya ce shi tun ba a haife ni ba ya daina yawo da shi, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Na ɗebo bokiti guda na sheƙa a tsakiyar kicin. Ruwan ya juya wa rariya baya, ya gangara a natse ya je ya kwanta a gindin bangon Umma.

Kawu ya ce siminti ne bai gama shan ruwa ba, kuma idan an zo sa tayil za a ɗaga can a sauke nan. Na ce tazarar ta fi yatsa uku, ba abin da tayil zai gyara, sai an fasa. Ya ce yaran zamani da takarda. Da na yi shiru a nan, da wataƙila labarin ya ƙare. Amma na ji kafinta yana ƙunshe dariya, ban kuma san wa yake yi wa ba.

"Kawu," na ce, "wannan ai ko makaho ya laluba ya san ya karkace."

Ya durƙusa ya tattara cokulan gininsa da igiyarsa ya zuba a buhu, ya yi wa Baba sallama, ya fita.

Na ɗauka abin na kwana biyu ne. Gari da faɗi, magina kamar jamfa a kasuwa. Na kawo na farko, ya zagaya, ya yarda daɓe ya karkace, har ya fara nuna inda za a fara fasawa. Sai ya tambayi aikin wa ne. Da na faɗa, ya mayar da abin awonsa aljihu. Ya ce magini ba ya sa guduma a aikin magini sai mai aikin ya ce a sa, balle Dogo, wanda rabin maginan da na sani a hannunsa suka koyi riƙe cokali. Na biyu ma haka. Na uku ko shigowa bai yi ba, daga bakin ƙofa ya ce, "Au, ke ce mai bokitin?"

Haka muka shiga zaman baranda. Umma tana girki a tsugune, iska tana kashe wuta ita tana kunnawa. Wanke-wanke a banɗaki, a sunkuye, kwanuka a jere bakin ƙofa. In ana neman ludayi sai an buɗe kwali uku. Ƙurar siminti ba ta ƙare ba, kullum sai mun share, kullum sai mun ji ta a haƙori cikin shinkafa. Baƙi suka rage zuwa, don ba wurin zama a falo. Ni kuma ina kwana a gefen katifa, kwalayen tayil sun cinye rabin ɗakina, makullin yana rataye a wuyana har wurin aiki.

Baba bai sake tayar da maganar ba. In na gaishe shi yana amsawa. In yana son wani abu a wurina sai ya faɗa wa Umma, ko da ina zaune a gabansa: a gaya wa Injiniya famfon waje yana ɗiga, in iliminta ya kai can. Ya daina fita da yamma zuwa inda suke zama da Kawu. Sai ya ɗauki kujera ya zauna a ƙofar kicin ɗin da babu komai a ciki, yana sauraron rediyo.

Damina ta same mu a haka. Feshi yana shigowa baranda, muna kare wuta da murfin tukunya da tsohuwar lema. Wata rana iska ta kifar da tukunyar miya gaba ɗaya, muka ci burodi da shayi. Bayan Umma ya fara ciwo. In ta miƙe daga wanke-wanke sai ta dafa bango ta daɗe kafin ta gama miƙewa. Na ce ta bar mini duka in na dawo daga aiki. Ta ce kwanukan rana ba sa jiran ma'aikata.

Wata Asabar da hantsi muna banɗaki, ita tana sabawa ina ɗauraye, ta ce tana so ta tambaye ni wani abu. Ta ce a duk karatun da na yi, ba a koya mana duba fuskar mutum ba? Na ce ban gane ba. Ta ce shekara biyu ke nan idon Dogo yana mutuwa. Na hagu ya tafi, na dama saura kaɗan. Ba wanda ya sani sai matarsa da Baba da ita. Aiki ya yi ta guje masa, shi ya sa Baba ya ba shi namu, don mutane su ga har yanzu ana ba shi. Kuma Mai Kanti da ya zo ranar, ba kallo ya kawo shi ba, bene yake son ɗorawa a kan kantinsa, ya zo ganin hannun Dogo ne.

Kofin da ke hannuna na yi ta ɗaurayewa har ta karɓe shi.

Na ce me ya sa ba a gaya mini ba. Ta ce sirrin dattijo ba na yara ba ne. Na ce to ruwan fa, da an bar shi ya ci gaba da cin ɗakinta? Ta ce shekara ashirin yana ci, ba ta mutu ba.

Washegari na je gidan Kawu. Yana zaune a tabarma a inuwar katanga, buhun kayan aikinsa a gefe. Na yi sallama, bai ɗago ba sai da na matso, da murya ya gane ni. Na durƙusa na ce ban sani ba, kalmar da na faɗa ta fi ƙarfin bakina, ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a ranar, ai shi ya goya ni a kafaɗa lokacin da ake zuba harsashin gidanmu. Ya tambayi bayan Umma. Sannan ya ce, "Daɓen fa?"

"Daɓen ya karkace, Kawu."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce ya sani, ya ji ƙarar ruwan inda ta nufa. Sai ya kawo shawara, a hankali, kamar mai ciniki. In tara mutanen nan uku da suke wurin ranar bokitin in ce na sake aunawa na ga daidai ne. Shi kuma bayan kwana biyu zai ce ya canza ra'ayi, rariyar ce yake son mayarwa wani gefen, ya fasa ya sake, ni in tsaya da ma'aunina a bayansa ba wanda zai sani. Umma ta samu kicin, Baba ya huce, Mai Kanti ya ba shi benensa. Magana ɗaya ce kawai, in ji shi, ba ta kai tsawon sallama ba.

Na daɗe ina kallon hannuwansa. Duk sun tsage, siminti ya zauna a cikin tsagar. Na so in ce to, Allah ya sani na so. Amma a benen Mai Kanti ba ni zan tsaya a bayansa ba, kuma a ƙarƙashin benen nan ne matar Mai Kanti za ta zauna tana awon sukari da goyo a bayanta.

"Kicin ɗinmu zan tsaya maka, Kawu, ko sau goma ne. Amma ba zan ce daidai ne ba."

"To ba ki zo da komai ba ke nan, 'yata."

Na roƙe shi ko izini ya ba wani magini. Ya ce in ya ba da izini ya sa hannu a kan maganata ke nan. Ya ce in gaida gida.

Ban san wa ya kai wa Baba labari ba. Da na dawo yana ƙofar kicin, ya kashe rediyo ya dube ni, ya ce dattijo ya roƙe ni na hana. Na ce eh. Ya kunna rediyonsa.

Asabar ta gaba na sayo guduma da diga. Na san lissafin gangara a takarda, amma ban taɓa fasa siminti ba. Ranar farko faɗin tabarma na iya fasawa, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. A ofis na riƙa riƙe biro da yatsa biyu, abokan aiki suna tambaya ko dambe na shiga. Kawu, duk da idonsa, ya kwaɓa siminti mai kyau, kamar dutse. Sati shida ina fasawa, Asabar da Lahadi, ina kwasar ɓaraguzai a bokiti zuwa waje. Mata suna leƙowa ta taga. Na ji wata tana cewa wannan yarinya wane miji zai kwasa. Na ɗaga gudumar na nuna mata, na ce ga shi nan ya riga ya kwasa.

Baba yana tsallake tarin ɓaraguzai ya wuce masallaci, ya tsallake ya dawo. Sau ɗaya na tarar an canza wa gudumar ƙota, tsohuwar ta fara tsagewa. Na yi masa godiya. Ya ce shi bai san zancen ba.

Kwaɓin farko ya yi ruwa, na biyu ya bushe kafin in baje shi. A na uku na gane hannu. Umma ce take riƙe mini bakin igiya, tana zaune a kujera don ba ta iya tsayuwa mai tsawo. Tayil ɗin ma ni na shimfiɗa, layin bai miƙe sosai ba wajen ƙofa, na fasa guda tara wajen yanka. Kafinta ya zo ya kafa durowoyinsa ba tare da ya haɗa ido da ni ba.

Wata takwas cif daga ranar da aka fitar da tukwane zuwa ranar da aka mayar da su. Bangon Umma ya bushe, na sake masa fenti.

Ana saura sati biyu in gama, Kawu Dogo ya sayar da kayan aikinsa. Mai Kanti ya ba wani benen, labarin daɓen kuma ya gama gari, ba wanda ya sake kiransa ko toshe rami. Ɗansa ya zo ya tafi da shi wani gari mai nisa. Bai zo yi wa Baba sallama ba, a bakin kafinta Baba ya ji.

Har yau in aka tambaye ni zan ce daɓen ya karkace, kuma da za a mayar da ni tabarmar nan amsar da zan bayar ke nan. Amma ga abin da ya ci. Umma ba ta iya tsayuwa ta yi girki a kicin ɗin da na gyara dominta, likita ya ce bayan ba zai koma yadda yake ba, ni nake dafawa tana zaune tana faɗa mini gishiri. Wani dattijo ya rasa sana'arsa shekara ɗaya ko biyu kafin lokacin da da zai rasa ta da mutuncinsa. Baba ya rasa amininsa na shekara arba'in, kuma tun daga ranar bokitin nan bai sake zama ya yi hira da ni ba.