Ragowar Ganyen Totodro

Duk macen da ta haihu a ƙauyen nan na tsibirin Kadavu, sai ta sha jiƙon ganyen Bubu Salanieta kafin ƙarfinta ya dawo. Tsohuwa ce mai faɗan tsiya, amma hannunta akwai albarka. Abu ɗaya ke ci mata rai. Maganin gidansu ba ya bin kowa sai mai shi ta wanke hannu a ƙoƙon kwakwa, ta zuba ruwan a tafin magajiyarta. Ga ƙafa ta fara ƙin hawa tudu, ga shi har yau ba ta ga wadda za ta zuba wa ba. In ta mutu a haka, maganin ya bi ta.

Jikarta Unaisi ta fi kowa kai, sai dai tana can birnin Suva tana aikin auna sinadaran tsirrai. Bara ta zo ta roƙi ganyen totodro, tsiron da ake jiƙa wa masu jego, don ta je ta auna shi, Bubu ta ba ta da ƙyar. A gidansu, abin da ya rage na ganye, gindin da aka tsinko shi ake mayarwa. Bubu ko tuna mata ba ta yi ba. Mutanen birni ai kwandon shara suka sani.

Ranar da jirgin ruwa ya kawo Unaisi, ta iske kakarta tana fere gwaza.

"Bubu, mun auna ganyenki. Akwai sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da waɗanda ke kare jiki daga lalacewa. Abokan aikina sai jinjina miki suke."

"Sannu, likita. To ni da nake ba masu jego, gishiri kuka zaci nake ba su?"

Unaisi ta yi dariya. Bubu ta ji daɗi har cikin ranta, amma ta ƙi nunawa.

Yarinyar ta zaro wata kwalba cike da koren gari.

"Wannan fa? Tsarabar ke nan?"

"Ragowar ganyenki ce. Na hana a zubar. A bakin rafi muka tsinko, ko? Ƙasan itacen nan da ya karkace."

Bubu ta ajiye wuƙa. Ta dogara sanda ta bi ta har rafin, tana tafe tana mita a kan ƙafarta. Unaisi ta durƙusa cikin laka da siket ɗinta na ofis, ta juye garin a hankali, ta ɗauraye kwalbar ta zuba ruwan a wurin. Hawaye ya cika idon tsohuwar, ita da rabonta da kuka tun rasuwar mijinta.

"Ke, tashi ki samo min ƙoƙon kwakwa."

"Ƙishirwa kike ji, Bubu?"

"Ji shashasha. Samo, ki ɗebo ruwa, ki miƙo min hannuwan nan naki."